Wanda Mai Katifa Ta Koya wa Wa'azi

Mai Katifa ba ta taɓa barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba. Kana buɗe baki ta riga ta hango inda ka nufa, sai ta tare ka a hanya ta ƙarasa maka, kuma abin haushi, sau da yawa daidai take faɗa. Ba ta ɓoye wannan hali ba, ba ta kuma taɓa ba kowa haƙuri a kansa ba. In aka yi mata ƙorafi sai ta ce rai ɗaya Allah ya ba ta, ba za ta ƙarar da shi wajen jiran mai lalube ba.

'Yar mai bugun auduga ce, cikin ƙura ta tashi. Ta koyi karatu a ajin manya bayan ta yi aure, ta kama Littafi Mai Tsarki kamar mayunwaci ya sami tukunya a buɗe, har ta kai in ka ɗauko farkon aya ita za ta ba ka ƙarshenta, ta ƙara maka da wadda ke binta. Mijinta mai bishara ne, mutum mai sanyin magana, wanda kafin ya ce ina kwana rana ta take. Masu tsegumi suna cewa da gangan Allah ya haɗa su, don a sami mai saurare ɗaya a gidan.

Shagonsu yana layin masu sana'a a bayan tashar mota, tsakanin mai walda da mai sayar da tsofaffin ƙarafa. A ciki akwai tarin auduga har rufi, da sandar bugu, da basilla, da keken ɗinki mai ƙafa da ke kuka kamar an taka wutsiyarsa. Bayan shagon kuma ɗaki ne mai rufin kwano, da bencuna, da tebur da aka ɗora wa akwati ya zama mumbari. Nan ne majami'arsu. Babbar majami'a tana ƙetaren babban titi, kuma tun da aka raba titin da shingen ƙarfe babu hanyar zuwa sai ta gadar sama mai matakala kamar tsani. Mutanen ɗakin kuwa su ne waɗanda gadar ta fi ƙarfinsu: tsofaffin mata masu sharar tasha, gwauraye, da wani tsohon mai gadi da ƙafarsa ta ruɓe aka yanke. In aka rufe ɗakin, su da sujada sai a lahira.

A ikilisiyarsu mace ba ta hawa mumbari ran Lahadi. Mai Katifa ba ta taɓa jayayya da wannan ba. Cewa take daga benci ma muryarta ta fi kaiwa nesa. Tana ɗinki take shirya wa mijin wa'azi, ran Lahadi kuma in ya ɗan tsaya neman kalma sai ta jefa masa daga inda take zaune. Shi ya saba, yana karɓa ya ci gaba kamar jakin da aka ƙara wa kaya. Da ya rasu, babban fasto ya yi ta turo samari daga makarantar horar da masu wa'azi. Kowanne ya zo da takalmi yana sheƙi, ta gyara masa aya a gaban jama'a, ya tattara ya koma. Ƙarshe fasto ya ce ba shi da sauran wanda zai aiko. Ko su fitar da mutum daga cikinsu, ko a rufe ɗakin.

A daidai lokacin ne audugar da ta shaƙa tun ƙuruciya ta fara neman fansa. Tari ya kama ta, numfashi ya gajarce, likita ya ce ta bar shagon. 'Yarta, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta zo ta zauna tana jiran ranar da za ta ɗauke ta. Mai Katifa ta ce ba inda za ta sai ta ga mutum a kan akwatin nan. Ta duba bencunan ɗakin. Maza masu ƙafa biyu da haƙora cikakku, ɗaya ne kawai.

Mai Faci ne, wanda rumfarsa ke kallon shagonta daga ɗaya gefen layin. Ya haura arba'in, giya ta cinye masa aure, matar ta kwashe yara ta tafi, yana kwana a kan tsofaffin tayoyi. Wata Lahadi ruwan sama ya kore shi ya raɓe a ƙofar ɗakin, ta daka masa tsawa ta ce ko ya shigo ko ya ba iska hanya. Ya shigo. Ya sake zuwa ba ruwa ba iska. Ya bar kwalba, aka yi masa baftisma, mutanen layi suka ce bari dai mu gani. Wannan sabon tuba, da ko jerin littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki bai gama riƙewa ba, shi ta ɗora wa ido. Da ta faɗa masa ya ce shi da ko a gaban matarsa bai iya kare kansa ba. Ta ce ba shawara ta zo nema ba.

Da tsakar rana, in motoci sun lafa, yake ƙetarowa ya zauna a kan buhun auduga. Karatunsa na firamare ne da ya yi tsatsa. Yana bin layi da yatsa, duk shafin da ya wuce sai ya bar masa baƙin tambari, har ta ce ko ɓarawo ya sace littafin nan za a gane mai shi. Amma a faɗi gaskiya, ta iya koyarwa. Ta hana shi ɗaukar aya ɗaya tsirara sai ya karanta surar duka. Ta sa kullum ya tambayi kansa wa ke magana, da wa yake yi, me ya faru kafin nan. Ta ce kada ya ɗaga murya a inda bai gane ba, don masu yin haka kowa na ganinsu. Ta ce abin da littafi bai faɗa ba kada ya ƙaga masa. Ta tura shi duba marasa lafiya kafin ta bar shi ya yi addu'a a gaban mutane, ta ce wanda bai san warin ɗakin majinyaci ba ba shi da abin faɗa ran Lahadi. Ta tura shi tasha wajen direbobi. Labari ya riƙa dawo mata cewa a can bakinsa yana sakuwa, har mutane na barin shayi ya huce. Ta ce hira ce, kowane mashayi ya iya hira.

A gabanta kuwa bai taɓa haɗa jimla biyu ba. Ta tambaye shi, ya ja numfashi, ta ba da amsa. Ya ce haka ne, Mama. Ta ɗauka ganewa ce.

Fasto ya sa ranar da zai zo ya ji shi, ya zaɓa masa labarin shanyayyen nan da abokansa suka ɗauko a kan tabarma, suka tarar gida ya cika, suka fasa rufi suka zuro shi gaban Yesu. Mai Katifa ta yi murna, don mijinta yana da wa'azi a kan wannan, kuma yana nan a kanta daram. Ta shiga ɗura wa Mai Faci shi kamar yadda take cusa auduga a katifa, tana dannawa da gwiwa. Wata rana ya ɗago kai ya ce, shi fa akwai abin da ke damunsa game da rufin nan. Ta ce ba rufi aka aiko shi ya yi wa'azi a kai ba, ya koma farko.

Ranar ta zo. Ta ba shi kwat ɗin marigayi, hannun ya tsaya masa a tsakiyar damtse. Ya hau, ya karanta nassin ba laifi, ya fara. A tsayawarsa ta farko, da numfashi kawai ya tsaya ja, ta jefa masa kalma. Ya karɓa. Ya sake tsayawa, ta jefa masa jimla. Daga nan idonsa bai ƙara barin bakinta ba. Kafin a kai tsakiya ita ce ke wa'azi daga benci, shi yana maimaitawa kamar aku. Sai tari ya turnuƙe ta, irin wanda ke naɗe mutum biyu. Mai Faci ya tsaya baki buɗe yana jiran ta gama. Ba ta gama ba. Ana jin ƙarar injin mai walda daga waje. Gumi ya jiƙa kwat ɗin. Can ya ce amin, ya sauko, ya fita ta ƙofar baya.

Fasto ya same ta a shago bayan an watse. Mutum ne mai ladabi, bai zauna ba sai da ta ce ya zauna.

"Mama, na ji wa'azi mai kyau yau," ya ce, "amma daga benci ya fito. Ran da bencin ya zama wayam fa?"

Ta fara cewa ai yaron tsoro ne ya kama shi. Ya ce ya sani. Zai sake zuwa Lahadin ƙarshen wata, a kan nassin nan dai. In abin bai canza ba zai karɓi makulli, dattawa kuma sun yi alkawarin turo mota ta riƙa zagayawa da tsofaffin zuwa babbar majami'a. Mai Katifa ta san irin wannan mota. Takan zo Lahadi biyu, ta uku ta lalace.

Washegari ta tarar da kwat ɗin a ninke a bakin ƙofa. Rumfar faci a rufe. Kwanaki suka yi ta wucewa ba shi ba labarinsa, direbobi na zuwa da taya su juya. Tsofaffin mata suka daina haɗa ido da ita. Mai gadi mai ƙafa ɗaya ya zo ya zauna a bakin shagon, ya shafa bencin da ke waje ya tafi. 'Yarta ta fara ɗaure kaya, ta sayar da keken ɗinki. Mai Katifa ta kwanta tana kallon rufi tana lissafa mazan layin ɗaya bayan ɗaya, har mai walda da ba ya ko gaishe ta. Babu. Ta yi addu'a, amma ko a addu'ar ta lura ita ce ke faɗa wa Ubangiji abin da ya kamata ya yi. Ba ta taɓa jin tsoron mutuwa ba. Abin da ya hana ta sakat shi ne ta mutu ta bar kwaɗo a ƙofar ɗakin da mijinta ya buga wa rufi da hannunsa, kuma kowa ya san bakin wa ya kulle shi.

Da aka ce an ga Mai Faci a gidan giya na bayan garejin manyan motoci, ba ta gaya wa 'yarta ba. Ta jira ta fita kasuwa, ta ɗauki sandar bugun auduga ta dogara. Tafiyar da yaro zai yi kafin tuwon bakinsa ya wuce, ita sai da ta tsaya a jikin kowane turken lantarki tana haki. Rana na dukanta, yaran mota na ce mata Iya a kauce. Ta same shi a benci a waje, cikin tsofaffin abokansa. Kada wani ya gyara labarin: ya sha. Warin ya riga shi gaishe ta.

"Kai, Mai Faci! Ashe nan ka kawo baftismar taka ta bushe?"

Ya miƙe yana tangaɗi. Ta ɗaga sandar, ta buɗe baki za ta zuba masa abin da ta tara tun daga gida, sai numfashi ya ƙi zuwa. Ƙirjinta ya kulle kamar an ɗaure bakin buhu. Ta sulale, ya tare ta, ya zaunar da ita ya jingina ta da bango. Wani ya kawo ruwa, wani ya hau yi mata fifita da kwali. Idonta biyu, tana ji tana gani, amma ko a bakin ranta ba ta iya fitar da kalma.

Ya durƙusa a gabanta. Ko tsoro ne ko giya, bakinsa ya buɗe.

"Mama, ki yi haƙuri. Wa'azin Baba mai kyau ne, amma rigarsa ce, ba ta shiga ta. Ni in na karanta labarin nan ba wajen masu ilimin nan da ke gardama da Yesu nake tsayawa ba. Mai gidan nake gani. Mutum yana zaune a ɗakinsa, ya ba baƙo wuri, sai ƙasa ta fara zubo masa a ka. Ya ɗaga ido, ga ƙattai suna farke masa rufi saboda wani da bai sani ba. Ni aikina toshe ɓula ne, na san ba a fasa abu a banza, wani ne zai hau ya gyara. Amma ba a ce ya tashi ya kore su ba."

Ɗaya daga cikin mashayan ya ce shi da sai ya ci musu mutunci. Aka yi dariya. Mai Faci bai yi ba. Ya ce shi kuma shanyayyen, a duba, daga farkon labarin har aka ce ya tashi bai ce uffan ba. Bai roƙa ba, bai yi alkawari ba. Ɗauko shi aka yi. Bangaskiyar waɗanda suka ɗauko shi aka gani. Ya ce akwai mutanen da ba za su taɓa kai kansu ba, ko ƙofa a buɗe take, sai an sami masu kama kusurwar tabarma, an kuma sami wanda zai yarda a ɓata masa ɗaki. Ya nuna bencin da hannu ya ce ga su nan zaune, shi ma yau ya dawo cikinsu.

Mai Katifa tana da gyara a kan kusan kowace jimla. Suna nan jere a maƙogwaronta, ba iskar da za ta fito da su. Dole ta ji shi har ƙarshe, karo na farko tun da ta san shi. Wani tsoho mai jajayen idanu ya tambaya, to wa ya gyara wa mai gidan rufinsa? Ta zuba wa Mai Faci ido, ta ga yana shirin buɗe baki, tana tsoron zai ƙaga amsa. Ya ce ba a faɗa ba, shi kuma ba zai ƙaga ba.

A baro ya turo ta gida, kamar buhun auduga, mutanen layi suna leƙe. 'Yarta ta wanke su tas su biyun.

Da numfashi ya dawo mata kwana biyu bayan nan, ta sa aka kira shi. Ba ta yaba masa ba. Ta ce ya bar zuciyar labarin a ƙasa, don kafin a ce wa mutumin ya tashi sai da aka ce an gafarta masa, kuma wanda ya tsallake wannan bai yi wa'azi ba, tatsuniya ya yi. Ta ce ya koma ya karanta ya nemo wurin da kansa. Ta ce kuma zancen kwalba shi zai je ya faɗa wa fasto da bakinsa kafin wani ya riga shi. Ya hau gadar ya je. Fasto ya ce ya ji, ba zai fasa zuwa ba, amma ya sani ko wa'azin ya yi kyau za a ci gaba da sa masa ido.

Ya dawo ya tsaya a bakin gadonta yana murza hula. Ya ce zai hau, amma in tana ɗakin ba zai iya ba. Ta ce za ta yi shiru. 'Yarta ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Mai Katifa ta fusata, ta ce a gwada yanzu. Ya buɗe littafi, ya fara, ya kai inda aka ce gida ya cika, ya ɗan tsaya. Kafin ta ankara ta ji muryarta ta riga shi. Hali zanen dutse, kuma ba a wannan shekarun za a kankare nata ba.

Tun da aka buga rufin ɗakin nan ba ta taɓa rasa Lahadi a cikinsa ba, har makon da ta haihu. Motar da za ta tafi da ita kuma Litinin za ta zo, kuma ta san ba tafiyar dawowa ba ce. Wannan Lahadin ita ce ta ƙarshe da za ta zauna a bencinta, ta ji tsofaffin nan suna jan waƙa a karkace. Ta yi tunanin ta zauna a shago, amma bangon kwano ne, za ta ji, in kuwa ta ji za ta yi magana. Ta kwana biyu tana neman wata dabara, ba ta samu ba.

Ran Asabar da la'asar ta sa 'yarta ta tara mata matan da mai gadi. Suka cika ɗakin, wasu a ƙasa wasu a bakin ƙofa. Aka tada ta zaune da matasai. Tana magana tana hutawa, kuma ba wanda ya yi gigin ƙarasa mata.

"Gobe da safe, kafin a fara, ku ɗauke ni ku ƙetara da ni rumfar faci. Ku zaunar da ni a kan taya, can ciki inda ƙarar tasha za ta toshe mini kunne. Ki ɗauke sandata ki ɓoye, ke. Zan ce ku mai da ni. Zan zage ku, zan ce muku na ji sauƙi, wataƙila in yi kuka. Kada wanda ya kula ni. Ku kuma, in ya tsaya yana lalube, ku bar shi ya lalubo. Kada wadda ta jefa masa aya, kada wadda ta ɗauko waƙa don ta rufa masa asiri. Ko shirun zai kai azahar, ku zauna a cikinsa. In an tashi, mutum ɗaya ya ƙetaro ya gaya mini makulli a hannun wa yake."